Ɗari da Ashirin Bisa Tamanin

Sikeli biyu, ɗaya yana yi wa mutum ƙarin nauyi. Kwalin safar hannu. Auduga. Na'urorin awon hawan jini, irin waɗanda ake matsawa da hannu. Abin sauraron ƙirji, sabbi fil a leda. Fararen riguna. Ƙyalle mai hoton Shugaban ƙungiya, wanda ya fi komai cin wuri. Lasifika biyu da janareta. Takardun shaida, an buga sunaye, saura sa hannuna. Sai ɗalibai goma sha huɗu, duk sun sha turare.

Mun riga mun bar kwalta, bas tana rangaji a kan ramuka, lokacin da aka fara rabon abin sauraron. Shugaban ƙungiyarmu ne ya aiko da su da safen nan, kowanne da sunansa manne a jikin robar. A aji da tsofaffi biyu nawa muka yi koyo, ana karɓa-karɓa. Yanzu kowa ya samu nasa. Kafin mu kai kwana ta gaba duk sun rataya a wuya, wayoyi sun tashi sama, ana karkata kai.

Direba ya dube su ta madubi. "Malama, yau ko haɗari muka yi ba mu da damuwa. Mota cike da likitoci."

Na ce, "Riƙe sitiyarinka da kyau."

Aikin da ƙungiya ta ɗauke ni in yi ba shi da wuyar bayani. Ana tara matasan da suka gama sakandare suna neman makarantar likitanci ko ta jinya. In koya musu awon jini, awon nauyi da wanke hannu. Mu je unguwar da asibiti ya yi wa nisa, su duba jama'a kyauta. A ƙarshe in sa hannu a takarda cewa sun iya. Takardar tana ƙara maki wajen neman gurbi. Wannan ne ya sa tausayin talakawa ya kama su duka a lokaci guda.

A kujerar da ke bayana 'yar yayana ce. Tun tana rarrafe ubanta yake kiranta Likita, sunan ya bi ta har malamanta suka manta na yanka. Bara ta nemi gurbi, maki kaɗan ya hana ta. Bana a ƙarshen makon nan ake rufe karɓar takardu, tawa kaɗai ta rage mata. Da asuba Yaya ya kira ni.

"Auta, ki sa hannun da kyau yadda za a gane. Ban da wannan jagwalgwalon da kika koyo a waje."

A wurin Yaya ni ce wadda ta shafe shekaru a ƙasar mutane ta dawo ko allura ba ta yi. Idan aka tambaye shi me na karanta, sai ya ce, "Wanke hannu."

Makarantar firamare aka ba mu. Aji ɗaya, tagogi ba gilashi, allo da sauran lissafin jiya. Muka jera bencina biyu-biyu, ɗalibi a nan, mai neman awo a can. Kafin mu gama, layi ya kai bakin ƙofar makaranta.

Shugaba ya iso da mai hoto. Ya sa aka ɗaure ƙyallensa, aka kafa lasifika ɗaya daidai tagar ajin. Aka tayar da janareta, kiɗa ya ɓarke.

Na ce, "Ranka ya daɗe, awon nan da kunne ake yinsa. A matsar da ita."

"Madam, kin daɗe ba kya gari. A nan idan ba a ji ƙara ba, ba a yi aiki ba."

Ya sa aka matsar da ita taku ɗaya, don kada a ce bai saurari ƙwararru ba.

Na tara ɗaliban na maimaita musu ƙa'ida. Duk wanda awonsa ya hau, a turo min shi teburin da ke lungu. Kada a tsorata kowa, kada kuma a rubuta magani. Suka ce, "To, Malama," idanunsu a kan mai hoto.

Safiyar ta tafi a wajen jarirai da sikeli, da wani mai walda da ya zo da ƙunar da ya ɗaure da tsumman mai. Sau biyu aka kira ni waje in tsaya kusa da Shugaba. Duk sanda na ɗaga kai, ajin gwanin kyau. Fararen riguna a jere, kowa ya sunkuya a kan hannun wani, ya lumshe ido, yana gyaɗa kai a hankali kamar mai jin karatu. Mutane suna tashi da murmushi, suna sa albarka.

Har rana ta take ba a turo min kowa ba. Na ga tsofaffi masu kumburin ƙafa sun shiga sun fita. Na ga wani mai teɓa da sai da ya huta a bakin ƙofa kafin ya ƙarasa benci. Ko dai mun faɗo unguwar da ta fi ko'ina lafiya a duniya, ko kuma akwai magana.

Na fita famfo in wanke hannu. A nan na tarar da wata mai ɗinki, igiyar awon ɗinki har yanzu a wuyanta, ta tara mata tana ba su labari. Babbar mace ce, ta ɗaure goshi tamau da ɗankwali, idanunta jajir. Tana ɗaga katin ƙwayoyin hawan jini sama kamar ta kama ɓarawo.

"Shekara da shekaru ina haɗiyar abin nan! Ashe na warke tuntuni, suka ƙi gaya min. Yarinyar nan ta ce jinina kamar na budurwa."

"Wace yarinya?" in ji wata.

"Doguwar nan mai gilashi. Hannunta ma sanyi gare shi." Ta miƙa wa maƙwabciyarta ƙwayoyin. "Ungo, kai wa maigidanki, shi da yake ta ciwon baya. Kada su lalace."

Doguwa mai gilashi ɗaya ce a cikinsu, 'yar yayana.

Na karɓe ƙwayoyin daga hannun maƙwabciyar. "Mama, zo in sake duba ki."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ba farar riga, ba komai a wuya. "An riga an duba ni, 'yata. Likita ce ta duba ni da kanta. Ke nas ce?"

"A'a."

"To kin gani."

"Kanki yana ciwo?"

"Wannan rana ce kawai."

"Kina ganin duhu-duhu?"

"Baƙin zare na yi ta ɗinki da shi jiya."

Sai da na ce akwai sabulu ga duk wanda aka auna sau biyu ta biyo ni. Na zaunar da ita a lungu, na ɗauko tsohon abin sauraron nawa daga jaka. Na matsa, na toshe hankalina daga kiɗan, na saki iska. Bugun ya fara tun allurar tana sama da ɗari biyu. Na canza hannu. Haka. Na bar ta ta huta na sake. Haka.

"Nawa?"

Na faɗa mata.

Ta ja hannunta. "Ke dai ba ki da hannu mai kyau. Ni na yarinyar na yarda da shi."

Na kira direba na ce asibiti, yanzu, kuma kada ya dawo sai ya ga an karɓe ta. Ta tafi tana mita, maƙwabciyarta tana riƙe da ita, tana tambayar ina sabulun.

Na koma ajin na bi bayan bencinan a hankali, ina kasa kunne.

"Ɗari da ashirin bisa tamanin, Baba. Lafiya lau."

Na matsa gaba.

"Ɗari da ashirin bisa tamanin. Sai dai a rage tunani."

Na gaba kuma, wani mai son ya bambanta, ya ce ɗari da goma sha takwas.

Na tsaya a kan Likita. Wani dattijo ne a gabanta. Ta lumshe ido, ta gyaɗa kai, ta buɗe baki. Na zare abin daga kunnenta na sa a nawa. Na ƙwanƙwasa faifan da ɗan yatsa. Shiru, kamar na sa kunne a jikin bango.

Sabbin masu fuska biyu ne, babba da ƙarama. Sai an murɗa kan ya yi ƙas kafin fuskar da ake so ta buɗe. Na murɗa. Na sake ƙwanƙwasawa, ƙarar ta doke ni har cikin haƙori. Na bi benci-benci ina ƙwanƙwasawa. Yadda suka fito daga leda haka suke, a rufe. Tun safe ba wanda ya ji bugun jinin kowa.

Na fita na kashe janareta. Shugaba yana tsakiyar cewa "al'ummarmu", sai ga muryarsa ta gaskiya, 'yar siririya. Na ba mutanen layi haƙuri na ce a ɗan jira a inuwa. Na koma wajen ɗalibai.

"Wa ya ji wani abu yau?"

Kowa ya samu abin kallo a kan takalminsa.

"Ke. Me kika ji?"

Likita ta gyara gilashi. "Gwaggo..."

"A nan Malama."

"Malama, na ji kaɗan-kaɗan."

"Kaɗan-kaɗan ɗin me?"

"Kamar... iska."

"Kiɗan Shugaba kika ji. Daga ina lambar ta fito?"

Mai ɗari da goma sha takwas ya ɗaga hannu. "Malama, ai a littafi haka yake. Awon mutum mai lafiya."

"Su kuma an gaya maka daga littafi suka fito?"

Wata daga baya ta ce, "Ni na ga kowa yana faɗa ne. Na ɗauka ni kaɗai ce ba na ji."

"Ni ma."

"Ni ma haka."

Sai aka nuna wani dogo da ke riƙe da bokitin ruwan sha a bakin ƙofa. Shi tun mutum na farko ya ce ba ya jin komai. Suka yi masa dariya, suka sa masa suna Kurma, suka tura shi rabon ruwa. Ya miƙe yana jiran yabo.

"Me ya hana ka zuwa ka gaya min?"

"Na zaci kunnena ne, Malama. Na ji tsoron kada ki hana ni takarda."

"Zauna."

Likita ta ce, "Amma ke kika ce kada mu tsorata mutane."

"Ba ku tsorata kowa ba, wannan kam kun yi ƙoƙari. Matar da kika ce jininta kamar na budurwa tana hanyar asibiti. Ta riga ta yi kyauta da maganinta."

Can ta ce, a hankali, "Har addu'a ta yi min."

Ina lissafin waɗanda suka tafi gida tun safe da albishir a baki. Nawa ne cikinsu masu shan magani, ban sani ba. Nawa ne za su bar shi daga yau, ban sani ba.

Shugaba ya leƙo, makirufo har yanzu a hannunsa. Na yi masa bayani a taƙaice. Abin da ya fara tambaya shi ne ko mai hoto ya ji.

"Madam, kayan nan masu tsada ne. Daga waje aka kawo su."

"Kayan lafiyarsu lau. Su kaɗai ne zan iya cewa haka a kansu yau."

"To a murɗa a ci gaba mana. Ai ba wanda ya mutu."

"Rana ba ta faɗi ba tukuna."

"Iyaye suna hanya. An shirya kujeru. Ki sa hannu a raba takardu, gyaran sai a yi a hankali, cikin gida." Ya rage murya. "Kin san yadda ake yi."

"Na daɗe ba na gari."

Ya tafi neman wanda zai fi shi iya magana da ni. Bai sha wahala ba. Motar Yaya ce ta fara shigowa cikin na iyaye.

Na sa aka murɗa kawunan, na zaunar da ɗalibai biyu-biyu suna auna juna, ni kuma na ci gaba da layin da kaina. A cikin mutanen farko da na auna na samu uku da za a tura asibiti. Ina ɗaure hannun na gaba aka ce ana nemana a ofishin hedimasta.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, kabad mai karyayyen marfi, ƙararrawar hannu a kan tarin littattafai. Yaya ya zauna a kujerar hedimasta kamar tasa. A kan teburin ya ajiye firam na sa hoto mai bakin zinariya, sabo, daidai girman takardar. Likita tana tsaye jikin kabad, abin sauraron har yanzu a wuyanta.

"Auta, me nake ji?"

"Abin da aka gaya maka."

"Ɗan murɗi ɗaya? A kan ɗan murɗi ɗaya za ki tsayar da taro?"

"Ba murɗin ba ne, Yaya. Ba ta ji komai ba, ta ce ta ji."

"Yara ne! Wa aka haifa da iyawa? Ke da kika je can, ranar farko kika iya?"

"Ban iya ba. Na ce ban iya ba."

"To ita kunya gare ta. Tarbiyya ce. Ba a koya mata tsayawa gaban manya tana cewa ban ji ba, ban gane ba."

"Haka na lura."

Ya buga tebur, ƙararrawar ta yi ƙara ita kaɗai. "Kada ki yi min wannan bakin naki. Takarda ce kawai! Wa yake karanta ta? Maki za a ƙara mata, ta shiga makaranta, a can a koya mata na gaske. Shekara guda ta riga ta tafi. Kina so ta sake zama a gida tana kallon ƙawayenta? Kin san abin da uwarta take ji a bakin mutane? Ana ce mata ina Likitar taku, har yanzu a ɗaki take duba marasa lafiya?"

Likita ta sunkuyar da kai.

"Takardar cewa take yi na gani da idona ta iya awon jini," na ce.

"To ta iya mana! Yanzu ba an murɗa ba?"

"An murɗa."

"Shi ke nan."

Na leƙa waje na sa aka miƙo min na'ura ɗaya. Na ajiye ta kusa da firam ɗin.

"Naɗe hannun rigarka."

"Na me?"

"Kana shan maganin hawan jini tun kafin in tafi. Ta auna ka. Ba zan sa baki ba, ba zan duba ba. Abin da ta faɗa shi ne naka. In ta ce ya hau, ka ƙara. In ta ce lafiya lau, ka bar sha daga yau. Ka yarda, in sa hannu a nan a gabanka."

Likita ta ɗago. Ta cire abin daga wuya, ta murɗa kan, ta ƙwanƙwasa da yatsa kamar yadda ta ga na yi. Ta ɗauki na'urar ta matso kusa da ubanta.

"Baba, kawo hannun."

Yaya ya dubi na'urar. Ya dube ta. Hannunsa ya tafi kan maɓallin rigar, ya tsaya a nan.

"Wannan ai wasan yara ne."

"Baba, zan iya."

"Na sani, Likita, na sani. Amma ni nawa daban ne. Ni ina da likitana." Ya janye hannun ya sa a ƙarƙashin tebur. "Ba a wasa da irin wannan ciwon."

A waje wani yana fama da igiyar janareta, tana tari tana mutuwa.

Likita ta ajiye na'urar a hankali. Ta fita ba ta dubi kowa ba.

Yaya ya miƙe. "Kin ji daɗi? Kin haɗa ni da 'yata."

"Ban taɓa hannunka ba."

"Zan gaya wa Inna. Za ki maimaita wannan a gabanta."

"Ita ma ka ce ta zo da hannunta."

Ya biyo ni har barandar, firam a hammata, yana faɗin abin da ya kashe a kaina tun ina firamare. Shugaba ya taso daga wajen kujeru yana ɗaga biro. Iyaye sun juyo. Mai hoto ya ɗaga kyamara, ya rasa wa zai ɗauka.

Na shiga ajin. Ɗaliban suna zaune, wasu sun cire fararen rigunan sun ninke a cinya. Likita tana benci na ƙarshe, ta ɗaure hannun Kurma, idonta a buɗe a kan allurar.

Ta ce, ba ta juyo ba, "Gwaggo, ƙarshen mako ake rufewa."

"Na sani."

Na tura ƙofar, na sa sakata, muryar Yaya ta koma waje.

"Bana ba zan sa wa kowa hannu ba. Wanda yake son koyon awo ya zo gobe da takalmin tafiya. Gida-gida za mu bi unguwar nan, kowa ya nemo waɗanda ya ce wa lafiya lau, ya gaya musu da bakinsa cewa bai ji komai ba."